Zumunci tsakanin ƙafa da kafa

Hausawa suka ce zumunci a ƙafa yake. Da Facebook da WhatsApp da ire-irensu suka shigo, sai muka raɗa musu suna kafafen sada zumunta. Lanƙwasa ɗaya ce tak a kan harafi ta raba ƙafa da kafa, kuma na daɗe ina ganin duk taƙaddamar da ake yi a kan intanet da kaɗaici a cikin wannan 'yar lanƙwasa take. Ƙafa tana gajiya, tana cin lokaci, ba ta zuwa wuri biyu a lokaci guda. Wanda ya tako ya zo wurinka ya ajiye wata hidima tasa kafin ya taho, kai ka san haka, shi ma ya sani. Kafa kuwa hanya ce da saƙo ke bi ya wuce, ko ɗaya ne ko dubu, ba tare da mai aikawa ya motsa daga inda yake zaune ba.

An saba cewa intanet ta kusanto da na nesa, ta nesanta na kusa. Maganar tana da daɗin faɗa, da gaskiya kuma a cikinta, sai dai ba ta warware komai ba. Ta yaya abu ɗaya zai yi aiki biyu masu karo da juna? Kowa ne abin ke shafa daidai, ko wasu ta ƙara musu wasu ta rage musu? Kuma intanet ɗin ce ke haifar da kaɗaicin, ko wanda kaɗaici ya riga ya kama ne ke fakewa a cikinta? Masu bincike sun kusa shekara 30 suna bibiyar waɗannan tambayoyi, kuma abin da suka gano ya fi ƙarfin jimla ɗaya.

Bari mu fara da alherin, domin ba ƙarami ba ne, kuma masu kukan lalacewar zamani suna yawan tsallake shi. Ranar 29 ga Oktoban 1969 wani ɗalibi a jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalis ya yi ƙoƙarin aika kalma ɗaya zuwa wata kwamfuta da ke cibiyar bincike ta Stanford. Harafi biyu kawai suka isa, na'urar ta tsaya. Daga waɗannan haruffa biyu aka kai ga 2024, shekarar da hukumar sadarwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ITU, ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 5.5 ke amfani da intanet, wato kusan kashi 68 cikin ɗari na mutanen duniya. Abin da ya fi shiga raina shi ne ɗaiɗaikun mutanen da ke cikin wannan adadi. Uban da neman abin rufin asiri ya kai shi wata nahiya, ya ga ranar da ɗansa ya fara tafiya. Kurman da tsohuwar wayar tarho ba ta taɓa tsinana masa komai ba, yau yana hira da hannu ta kiran bidiyo da wanda ke wata ƙasa. Uwar da ɗanta ke fama da cutar da likitansa bai taɓa ganin irinta ba, ta sami wasu iyaye a ƙasashe daban-daban da suka san ainihin halin da take kwana a ciki. Waɗannan ba su bar wani zumunci suka koma waya ba. Kafin wayar, babu mai fahimtarsu a kusa.

Lokacin kullen korona kowa ya ɗanɗani wannan. Kamfanin Zoom ya ce masu shiga taro ta manhajarsa a kullum sun tashi daga miliyan 10 a Disambar 2019 zuwa miliyan 300 a Afrilun 2020. A asibitoci da dama ma'aikatan jinya sun riƙe wa marasa lafiya waya don su yi bankwana da iyalansu. Bankwana ce mai ciwo, amma da babu gara ba daɗi, kuma duk wanda zai yi magana a kan illar intanet ya kamata ya fara tuna waɗannan mutane.

Akwai wani nau'in alaƙa da intanet ta ƙware a kai fiye da komai, wato sanin shanu. A 1973 wani masanin zamantakewa Ba'amurke, Mark Granovetter, ya nuna cewa mutane sun fi samun labarin aiki daga waɗanda suke gani jefi-jefi fiye da aminansu. Dalilin a fili yake: amininka abin da ka sani shi ya sani, mutanen da ka sani su ya sani. Wanda kuka yi aji ɗaya shekara goma da suka wuce kuwa yana yawo a wata duniya daban, shi ke jin abin da ba ya zuwa kunnenka. A da irin wannan alaƙa mutuwa take yi da kanta, da an sauya makaranta ko wurin aiki shi ke nan. Intanet ta hana ta mutuwa. Mutum yana riƙe da ɗaruruwan irin waɗannan mutane a aljihunsa, kuma amfaninsu na gaske ne: aiki, ciniki, shawara, gudummawar gaggawa.

Matsalar ta taso ne daga ɗaya ɓangaren, na aminai. Robin Dunbar, masanin halayyar ɗan Adam ɗan Birtaniya, ya yi fice da hasashen cewa mutum ba ya iya riƙe alaƙa mai ma'ana da fiye da mutum 150 ko kusa da haka, kuma a cikinsu ma hawa-hawa ne: wajen 5 na ƙut da ƙut, wajen 15 na kusa, wajen 50 abokai, sauran kuma sanayya. Masana na jayayya a kan ainihin adadin, amma abin da ke ƙarƙashinsa ba abin jayayya ba ne. Aminci da lokaci ake sayensa. Jeffrey Hall na jami'ar Kansas ya ƙiyasta a 2018 cewa sai an yi wajen awa 50 tare kafin sanayya ta zama abota sama-sama, wajen 90 kafin a zama abokai, fiye da 200 kafin a zama aminai. Intanet ta ninka yawan mutanen da za ka iya kaiwa gare su sau dubu, amma ba ta ƙara ko minti ɗaya a kan awa 24 ba. Saboda haka tambayar da ta fi kowacce muhimmanci a wurina ita ce: awar da mutum ya kashe a waya, daga hannun wa aka karɓo ta?

An gwada amsa wannan kai tsaye. Gab da zaɓen tsakiyar wa'adi na Amurka a 2018, masu bincike daga jami'o'in New York da Stanford, ciki har da Hunt Allcott da Matthew Gentzkow, sun biya wasu mutane kuɗi don su rufe shafinsu na Facebook na mako huɗu. A matsakaici kowannensu ya sami rarar kusan awa ɗaya a rana. Wani ɓangare na awar ya tafi ga kallon talabijin, wani ɓangaren kuma ya koma ga zama da iyali da abokai. Walwalarsu ta ɗan ƙaru, zafin ra'ayinsu na siyasa ya ɗan ragu, sai dai saninsu da labaran yau da kullum ma ya ragu. Ba wani gagarumin sauyi aka gani ba, amma an ga inda awar take fitowa, kuma wani kaso nata haƙƙin mutanen da ke cikin gida ne. A shekarar kuma aka yi wani gwaji a jami'ar Pennsylvania da ɗalibai 143: waɗanda aka taƙaita wa Facebook da Instagram da Snapchat zuwa minti 10 kowanne a rana na mako uku sun ba da rahoton raguwar kaɗaici fiye da waɗanda aka bari suka ci gaba yadda suka saba.

Duk da haka abin ba ya faɗa wa kowa daidai, kuma nan ne binciken da ya fi ba ni haske ya shigo. A 1998 Robert Kraut da abokan aikinsa a jami'ar Carnegie Mellon sun wallafa sakamakon bin diddigin mutum 169 a gidaje 73 na birnin Pittsburgh, waɗanda aka saka wa intanet karon farko. Sun tarar da cewa waɗanda suka fi amfani da ita sun ɗan rage magana da iyalansu, kaɗaicinsu ya ɗan ƙaru. Jaridu suka ɗauki labarin suka yi ta yayatawa. Abin da ba a yayata sosai ba shi ne, da suka sake komawa ga mutanen suka wallafa sabon sakamako a 2002, yawancin illar ta gushe. Sai wani abu daban ya bayyana: masu son jama'a da waɗanda dama suke da mutanen da za su jingina da su, intanet ta ƙara musu. Masu kunya da waɗanda ba su da kowa kuwa, ba su amfana haka ba, wasu ma abin ya ƙara musu nauyi. Wato intanet ta fi kama da amsa-kuwwa, abin da ka zo da shi take ɗaga wa murya. Mai aminai biyar yana amfani da waya ya shirya inda za su haɗu. Wanda ba shi da ko ɗaya yana amfani da ita ya kalli hoton haɗuwar.

Kallon nan yana da muhimmanci, domin intanet ɗin 1998 da ta yau ba abu ɗaya ba ne. A farko wasiƙa ce da zauren hira: ka rubuta, a ba ka amsa. A 2006 Facebook ya ƙirƙiro shafin da ke jero maka abin da kowa ya wallafa ba tare da ka nema ba. A wannan shekarar wani mai tsara manhajoji, Aza Raskin, ya fito da dabarar shafin da ba ya ƙarewa, ka yi ta ja yana ta zuwa, dabarar da daga baya ya fito fili ya ce ya yi nadamarta. A 2009 Facebook ya kawo maɓallin nuna so. Waɗannan kamfanoni da talla suke samun kuɗinsu, talla kuwa ido take buƙata, don haka abin da suke aunawa shi ne tsawon zamanka a manhajar. Idan ka kira ɗan uwanka kuka yi minti goma kuka ajiye waya, babu tallar da aka nuna maka. Idan ka yi awa biyu kana jan shafi, an nuna maka da yawa. Ba sai wani ya zauna ya ƙulla mugunta ba, lissafin riba kaɗai ya isa ya karkatar da manhajar daga hira zuwa kallo. Yau wani kaso mai yawa na abin da ke zuwa gabanka a TikTok ko Instagram ma ba na wanda ka sani ba ne. Sunan dai na sada zumunta ne, amma aikin ya koma na gidan kallo.

Masu bincike sun sha nuna cewa kallo zalla, ba tare da magana da kowa ba, shi ya fi taɓa zuciya, kuma hanyar da yake bi ita ce gwada kai da wasu. Kowa ranar farin cikinsa yake wallafawa. Kai kuma da ranarka ta yau da kullum kake aunawa, da bashinka da gajiyarka da abin da ka ɓoye. A 2021 wata tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, Frances Haugen, ta fitar da takardun cikin gida da jaridar Wall Street Journal ta wallafa. A cikinsu akwai binciken kamfanin da kansa, inda kusan ɗaya cikin uku na 'yan mata matasa suka ce idan suna jin ba su gamsu da surar jikinsu ba, Instagram, manhajar da kamfanin ya mallaka, na ƙara musu wannan damuwa.

Ko saƙon da ake aika wa wanda aka sani ma, akwai abin da ke zubewa a hanya. A jami'ar Wisconsin, Leslie Seltzer da abokan aikinta sun sa wasu yara mata wani aiki mai tayar da hankali a gaban baƙi, sannan aka raba su: wasu suka ga iyayensu mata ido da ido, wasu suka ji muryarsu ta waya, wasu suka yi musayar rubutaccen saƙo da su, wasu kuma ba a haɗa su da kowa ba. Sakamakon da aka wallafa a 2012 ya nuna cewa waɗanda suka ga uwa ko suka ji muryarta, sinadarin oksitosin mai kwantar da hankali ya tashi a jikinsu, na firgici ya sauka. Waɗanda suka yi rubutu kuwa, jikinsu ya kasance kamar na waɗanda ba su yi magana da kowa ba. Uwar ita ce dai, kalmomin ma na lallashi ne, amma jikin yarinyar muryar yake jira. Wasu masu binciken kuma, Amit Kumar da Nicholas Epley, sun sa mutane su nemi wani tsohon aboki, ko ta kira ko ta rubutu. Yawancinsu sun zaci kiran zai zo da jin nauyi, suka fi son rubutu. Waɗanda suka kira ɗin sun ji kusanci fiye da masu rubutu, kuma jin nauyin da ake tsoro bai ƙaru ba. Wato muna zaɓar hanyar da ta fi sauƙi bisa wani tsoro da ba shi da tushe.

A nan ne nake ganin asalin ciwon yake, kuma wannan ra'ayina ne. Saƙo yana ba mutum jin cewa ya fita haƙƙi. An ce wane ba shi da lafiya, ka rubuta Allah ya sawwaƙe, ka ajiye waya da zuciya sakayau. An yi rasuwa, ka tura addu'a, wani lokaci ma wadda wani ya rubuta ce ka kwafo. Ba ƙarya ka yi ba, da gaske ka ji tausayin. Amma a da, tausayin nan ba ya barinka ka zauna sai ka tashi ka je, yanzu kuwa ya sami ƙaramar kafar da zai fita ya bar ka a zaune. Shi kuma majinyacin yana kwance da saƙo ɗari biyu a waya, babu wanda zai miƙa masa ruwa. Wahalar zuwan ita ce shaidar ƙauna, ita ce ke gaya wa mutum matsayinsa a wurinka. Da aka cire wahalar, sai saƙon amini da na ɗan sanin shanu suka koma kama ɗaya, har mai karɓa ya kasa tantance wa ke nasa.

Sannan ga sabbin hanyoyin ɓata rai da ba a san su ba a da. Tun da WhatsApp ya kawo shuɗiyar alamar nan mai nuna an karanta saƙo a 2014, shiru ya sami wata ma'ana. Da can idan wasiƙa ba ta sami amsa ba, sai a ce wataƙila ba ta isa ba. Yanzu ka ga ya karanta, ka ga yana kan layi, ka ga bai amsa ba. Marigayi John Cacioppo na jami'ar Shikago, wanda ya shafe shekaru yana nazarin kaɗaici, ya kwatanta shi da yunwa ko ƙishirwa, wato ƙararrawar da jiki ke bugawa don mutum ya nemi 'yan uwansa. Ya kuma nuna cewa idan kaɗaici ya daɗe, yakan sa mutum ya riƙa hango wulaƙanci ko'ina, ya fassara kowane shiru da ƙiyayya, ya ƙara janye jiki. Ka ɗauki mai irin wannan hali ka ba shi na'urar da ke nuna masa, dare da rana, wa ya karanta bai amsa ba, wa aka gayyata ba a gayyace shi ba.

Adalci dai ya sa a faɗi cewa intanet ba ita ta ƙirƙiro kaɗaici ba. Robert Putnam na jami'ar Harvard ya wallafa littafi a 2000 yana nuna yadda Amurkawa suka yi ta janyewa daga ƙungiyoyi da ziyarar juna shekaru da dama kafin a san wayar hannu, kuma talabijin na cikin manyan abubuwan da ya ɗora wa laifi. Ƙaura zuwa birane, tsawon lokacin aiki, ƙaruwar masu zama su kaɗai, duk sun riga Facebook. A 2019 Amy Orben da Andrew Przybylski na jami'ar Oxford sun tace bayanan matasa sama da 350,000, suka tarar cewa amfani da na'urori bai bayyana fiye da kashi 0.4 cikin ɗari na bambancin walwalarsu ba. Wasu masanan na ganin wannan lissafi ya rage girman matsalar, musamman ga 'yan mata, kuma har yau ba a rufe muhawarar ba. Ni abin da na ɗauka shi ne matsakaicin lissafi yana ɓoye mutane. Idan abu ya amfani mutum tara kaɗan-kaɗan ya cutar da na goma sosai, jimillar za ta fito kusan sifiri, alhali na goman yana nan yana shan wahala.

Hukumomi sun fara ɗaukar lamarin da muhimmanci. Birtaniya ta naɗa minista mai kula da matsalar kaɗaici a 2018, Japan ta bi sahu a 2021. A watan Mayun 2023 babban likitan gwamnatin Amurka na lokacin, Vivek Murthy, ya yi gargaɗin cewa haɗarin rashin cuɗanya da mutane ga rayuwa ya yi daidai da shan taba har kara 15 a rana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2025 mutum ɗaya cikin shida a duniya na fama da kaɗaici. Ostireliya kuwa ta zartar da doka a ƙarshen 2024 da ta hana 'yan ƙasa da shekara 16 mallakar shafi a manyan kafafen sada zumunta. Ina fahimtar dalilinta, ina kuma jin tsoron abin da za ta yi wa yaron da ake tsangwama a makaranta, wanda abokansa na gaske duk a can ya same su. Doka ɗaya ce za ta hau kan yaran da wayar ke cutarwa da waɗanda take riƙe da su.

Akwai kuma waɗanda ake mantawa da su a wannan muhawara gaba ɗaya. ITU ta ce a 2024 mutum biliyan 2.6 ba sa kan intanet. A ƙasashe masu arziki kashi 93 cikin ɗari na jama'a suna amfani da ita, a ƙasashe matalauta kuwa kashi 27 ne kawai. Za a iya cewa ai waɗannan sun tsira daga illar, amma abin ba haka yake ba, domin mutanen da ke kewaye da su sun riga sun koma can. A da, idan wani abu ya faru a dangi, dole a tashi wani ya kai labari ga kowa ɗaya bayan ɗaya, kuma a wannan zagayen ne ake ganin tsohuwar da ba ta iya fita, a zauna da ita, a ji lafiyarta. Yanzu sai a sa a zauren dangi na WhatsApp, kowa ya amsa, kowa ya ɗauka kowa ya ji. Ita ba ta cikin zauren, ba ta iya karatu, ko idonta ba ya ganin ƙananan haruffa. Sai bayan kwana uku wani ya tuna cewa ba a gaya mata ba.